Na Bar Makaranta a SS2, Ina Walda a Panteka: Lokaci Ya Wuce Mini Ne?

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 21, ina zaune a Rigasa, Kaduna, tare da mahaifiyata da ƙannena uku. Ina SS2 Babanmu ya kamu da ciwon shanyewar ɓarin jiki, ɗan abin da ke hannunmu duk ya tafi a magani, sai na ajiye karatu na bi Kawuna shagonsa na walda a Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere. Bayan shekara guda da 'yan watanni Allah Ya yi wa Baba rasuwa. Yau shekarata huɗu a shagon. Alhamdu lillahi hannuna ya faɗa, ina haɗa ƙofa da taga da get ni kaɗai, kuma da abin da nake samu ake cefane a gida.

Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Abokan da muke aji ɗaya wasu suna Poli, wasu suna KASU, jami'ar jiharmu. In mun haɗu a wurin ɗaurin aure sai in ji kamar in nutse. Kwanaki wani injiniya ya yaba aikina, ya ce in kawo takarduna zai saka ni a aikin kamfaninsu, na rasa abin da zan ce masa. Da na yi wa Kawu maganar komawa makaranta sai ya ce masu digiri nawa ne ke tuƙa Keke a garin nan, in riƙe sana'ata. Umma ba ta ce a'a ba, amma ta tambaye ni wa zai riƙe gidan. Wani abokina kuma ya ce kada in wahalar da kaina, akwai makarantar da zan biya kuɗi a rubuta mana amsa a allo, in fito da kiredit tara. Har na fara tara kuɗin, amma raina bai so ba.

Akwai yarinyar da nake nema, tana karatun difloma, har yau ban faɗa mata ban gama sakandare ba. Ga ƙanwata mai shekara 14 za ta gama JSS3, Umma na cewa ta tsaya haka nan ta taya ta suyar awara. Ina jin ana maganar shirye-shiryen taimaka wa waɗanda suka bar makaranta, amma ban san ƙofar da ake bi ba, kuma ina ganin kamar na yara ne ko na masu hanya. Malam, lokaci ya wuce mini ne? Me zan yi?

Ƙaninka, daga Rigasa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa jinyar da ya sha ta zame masa kankarar zunubi, Ya kuma yi maka albarka kan ɗawainiyar da ka ɗauka tun kana ɗan shekara 17. Ba wasa ko rashin ji ne ya fitar da kai daga aji ba, lalura ce, irin wadda duk ɗan halak zai amsa kiranta. Kunyar da kake ji a cikin abokai na fahimce ta, ba kuma zan ce ka daina ji ba, don ba a cire irin wannan da baki. Amma ka riƙa tunawa, a shekara huɗun da suka yi suna karatu kai ma ba a zaune kake ba. Ka riƙe gida mai mutum biyar, ka kuma koyi aikin da injiniya ya tsaya ya duba ya yaba.

Tambayarka ta ƙarshe zan fara amsawa. Lokaci bai wuce ba. Jarrabawar kammala sakandare ta masu zaman kansu ba ta korar kowa saboda ya girma, ɗan ashirin na zama, ɗan hamsin ma na zama. Karatun manya kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun cikin shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta tayar da gangamin Yaƙi da Jahilci, cibiyarsa na Zariya, Alhaji Ahmadu Kumasi na cikin manyan jagororinsa, magidanta masu furfura suka riƙa zama a zaure da yamma suna koyon baƙaƙe da wasula. Gemu ba ya hana ilimi, balle kai da yanzu ka fara tasawa.

Sai dai ba na so ka ji haka ka tashi gobe ka ajiye injin walda ka je ɗinkin yunifom. Komawa aji da safe ka zauna da 'yan shekara 15 zai tsayar da tukunyar gidanku, kuma da wuya ka jure shi har ƙarshe. Shawarata ita ce ka zauna a Panteka, ka nemi takardar kana kan sana'arka.

Ina da dalili. A ƙasashen da suka daɗe suna gwada irin shirye-shiryen da kake tambaya a kai, an ga abin da ke aiki da wanda ba ya yi. Amurka tun 1942 take da wata jarrabawa da ake kira GED, wadda aka fara domin sojojin da yaƙin duniya na biyu ya raba da makaranta, daga baya ta zama hanyar duk wanda bai gama sakandare ba. Masanin tattalin arziki James Heckman, wanda ya samu kyautar Nobel a 2000, ya bi diddigin masu wannan takarda shi da abokan aikinsa. Suka tarar a ƙwaƙwalwa ba su gaza waɗanda suka gama sakandare suka tsaya nan ba, amma a wurin neman abinci, in aka kwatanta masu basira iri ɗaya, kusan ba su fi waɗanda suka bar makaranta ba su koma ba. Abin da masanan suka ɗora wa alhakin haka shi ne ɗabi'a: zuwa a kan lokaci, cika alkawari, jure abu har a ga ƙarshensa. Takarda ita kaɗai ba ta sa wa mutum waɗannan. Shi ya sa wasu shirye-shiryen suka ɗauki hanyar haɗa karatu da aikin hannu. YouthBuild, wanda ya samo asali a unguwar Harlem ta birnin New York a 1978, matashi yakan yi kusan rabin lokacinsa a aji, rabi a wurin gini, ana ba shi ɗan alawus, ga kuma babba da ke bibiyar lamarinsa. Job Corps da gwamnatinsu ta kafa a 1964, mai ɗaukar 'yan shekara 16 zuwa 24, shi ma karatu da sana'a yake haɗawa, kuma babban binciken da aka yi a kansa ya nuna ƙarin samun da ya ɗore ya fi bayyana a wurin waɗanda suka shiga suna tsakanin 20 da 24, wato sa'anninka. A ganina ba abin mamaki ba ne. Wanda ya ɗanɗani neman na cefane ya san abin da ya kawo shi aji.

To dubi kanka. Abin da waɗancan ke kashe maƙudan kuɗi su koya wa matashi, sana'a da sammako da jure faɗan oga, kai ka riga ka same shi a shagon Kawu. Abu biyu suka rage maka: takarda, da mutumin da zai riƙa tambayarka ina aka kwana.

Takardun ma iri biyu ne, kuma wadda ta fi kusa da kai ba ita kake hange ba. Akwai takardar shaidar sana'a. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, hedikwatarta a garin nan take, a titin Bida, kuma ita ke kula da tsarin NSQ, wanda ke ba mai sana'a shaidar ƙwarewa mataki-mataki. A cikin tsarin akwai hanyar da aka ware wa wanda ya riga ya iya aikinsa a wurin oga. Ba a mayar da shi ya fara daga farko, masu tantancewa ne ke kallonsa yana aiki, su yi masa tambayoyi, su duba abin da ya ƙera, sannan su tabbatar da matakin da ya kai. Masu sana'a na tsohuwar Panteka sun daɗe suna hulɗa da Kaduna Poli a kan wannan tsari, ga ku kuma maƙwabtan juna. Saboda haka ƙofar farko da za ka ƙwanƙwasa ba ta wani mai hanya ba ce, ofishin shugabannin ƙungiyarku ne na cikin kasuwa. Ka je ka tambaya yaushe za a ɗauki rukuni na gaba, me ake kawowa, nawa ake biya, kuma duk abin da ka biya ka karɓi rasit. Bayan wannan akwai tsohon gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, mai aji uku, daga na uku zuwa na ɗaya, wanda kamfanoni da ma'aikatun gwamnati suka sani tun da daɗewa. Ka leƙa sakatariyar tarayya da ke Kawo ka ji yadda ake yi.

Kafin duk wannan, ka koma wurin injiniyan nan. Ka ce masa, "Yallaɓai, ban gama sakandare ba saboda rashin lafiyar mahaifina, amma ina shirin gyarawa. Wace takarda ce kamfaninku ke buƙata a wurin mai walda?" Mai yiwuwa shaidar sana'a yake nufi, mai yiwuwa kuma ya gwada ka a aikace. Shi ya fara yabon aikinka da bakinsa, ba za ka rasa komai ba don ka faɗa masa gaskiya.

Cibiyoyin koyon sana'a na gwamnati ma suna nan. Gwamnatin jiha ta buɗe cibiyar koyar da sana'o'i mai rassa uku a Rigachikun da Soba da Samarun Kataf a 2025, ga hukumar samar da aikin yi ta NDE da ke tura matasa koyon sana'a tun 1987, ga asusun horar da ma'aikata na ITF da kan yi horo na 'yan watanni. Ka sa ido a kansu, amma da sharaɗi ɗaya: kada ka shiga don alawus ko don kayan sallama, ka ɓata wata shida ana koya maka abin da ka iya. Ka shiga in za su ƙara maka sabon abu, kamar waldar argon, ko waldar bututun ruwa da gas, ko karanta zanen injiniya. Fom ɗin da aka ce kyauta ne kuwa, duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya saka sunanka, ka yi masa sallama.

Sai takardar sakandare. Hanyarka ita ce ta masu zaman kansu, wadda mutane ke kira GCE. WAEC na yin ta sau biyu a shekara, ɗaya a farkon shekara, ɗaya can wajen ƙarshenta. NECO na yin tata a Nuwamba da Disamba. Akwai kuma NABTEB, jarrabawar fannin sana'a da kasuwanci, wadda matasa da yawa ba su damu da ita ba alhali kamar don irinka aka yi ta, domin a cikin darussanta akwai walda da ƙira, tare da Turanci da lissafi da kimiyya, ita ma tana da zaman Nuwamba da Disamba, kuma ana karɓar sakamakonta wurin neman shiga manyan makarantu. Abin da aka saba nema kiredit biyar ne, ciki har da Turanci da lissafi, kuma yawancin makarantu na karɓar sakamakon zama biyu a haɗe. Wannan ya kamata ya kwantar maka da hankali, ba dole ba ne komai ya fito a tashi ɗaya. In burinka sashen injiniya ne a Poli, to sai ka haɗa da fiziks da kemistiri. Ka tabbata kana da lambar NIN, kuma sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a ko'ina, don saɓanin harafi guda kan wahalar da mutum shekaru. Ka kuma fara saba hannunka da kwamfuta, ko da awa guda ce a mako a shagon intanet, domin WAEC ta fara shigar da ita cikin jarrabawar masu zaman kansu tun 2024, JAMB kuwa dama da ita ake yi.

Yanzu maganar abokinka. Na ji daɗi da ka ce ranka bai so ba, ka riƙe wannan rashin son da kyau. Satar amsa laifi ne a dokar ƙasa, dokar 1999 ta tanadi tara da ɗauri a kanta, kuma hukumomin jarrabawa kan riƙe ko su soke sakamakon cibiya ɗungurungum in sun gano an yi maguɗi, kuɗin mutum ya tafi, ba kuma inda zai kai ƙara. A ce ma ta fito lafiya. Gaba akwai JAMB, kai da kwamfuta ne, ba mai rubuta maka a allo. Gaba da ita akwai lissafin shekarar farko a Poli. Kai ka fi ni sanin abin da ke faruwa da ƙofar da aka ɗan ɗiga wa walda sama-sama aka shafe da fenti: ranar da aka kafa ta gwanin kyau, sai an fara buɗewa ana rufewa sannan mahaɗar ta buɗe baki. Kuma abin da ke damunka a gaban abokai ba zai tafi ba, zai canja kama ne kawai, ka koma tsoron kada a ce ka karanta wani abu a gaban mutane. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ba na so a ce takardar da za ka ciyar da Umma da ita a kan haka aka gina ta. Kuɗin da ka fara tarawa kada ka taɓa su, sunansu kawai za ka canja, su zama na rajista da lesin.

Ga yadda nake so ka fara. Ka sayi littafin tambayoyin shekarun baya na lissafi da na Turanci. Ranar Lahadi ka kashe waya, ka ajiye agogo a gabanka, ka amsa na shekara guda kamar kana ɗakin jarrabawa, sannan ka duba amsoshin da kanka. Duk abin da ka samu kada ka ji haushi, awo kake yi. In ka ga kana gane tambayar amma hanyar ta ɓace maka, lesin yamma zai ishe ka, kuma ka ba kanka kamar shekara guda kafin ka zauna. In kuwa karanta tambayar ma na ba ka wuya, to ka sauka ƙasa kaɗan, ka je ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ka tambayi ajin manya mafi kusa da ku, ka gyara tushe tukuna. Babu abin kunya a ciki, wata shida ne ko tara da za su hana ka asarar kuɗin rajista sau biyu.

Ina kyautata zaton lissafi zai ba ka mamaki. Duk ranar da mai gida ya zo ya ce yana son taga ƙafa huɗu da ƙafa huɗu, ka zaro tef, ka raba tazarar sanduna daidai wa daida, ka ƙirga fayif nawa za a yanka don kada a yi asarar guntaye, ka haɗa kuɗin ƙarfe da na ilaktirod da na fenti da na man janareta ka ɗora ladan aiki, to awo da kaso da riba da faɗuwa ka yi, abubuwan da ke fitowa a jarrabawa da wasu sunaye. Turanci ne zai fi neman haƙurinka, don shi ba a haddace shi dare ɗaya. Ka riƙa karanta shafi guda na jarida da ƙarfi kullum, ka kuma karɓi aikin rubuta wa kwastomomi lissafin kuɗin aiki a takarda da Turanci, wani ya duba maka.

Lokacin karatu kuwa, ka zaɓi bayan sallar asuba. Mai walda da dare idonsa ya gaji, jikinsa ya mutu, littafi zai zame masa matashin kai. Minti arba'in da biyar kullum kafin ka fita ya fi awa biyar na rana guda a mako. Tunda na ambaci ido, don Allah ka daina walda da baƙin tabarau na kasuwa in kana yi. Ka sa garkuwar fuska ta ainihi. Wannan raɗaɗin da ke tashin mutum tsakar dare kamar an zuba masa yashi ƙunar hasken walda ce, kuma da waɗannan idanun za ka yi karatun. In gida da hayaniya, ɗakin karatu na jiha na titin Bida, kana iya zuwa duk ranar da ka samu sarari. Batun kuɗi, in ka ware naira 500 kullum, kwana shida a mako, cikin mako arba'in ka tara naira 120,000. Ka ba Umma ajiya ko ka shiga adashi, don kuɗin da ke aljihun mai riƙe da gida ba ya kwana.

Abin da na fi jin tsoro ba wahalar darasi ba ce. Wata na uku nake tsoro, lokacin da zumuɗi ya kwanta, aiki ya yi yawa a shago, ka fasa lesin sau ɗaya, sau biyu, ba wanda ya tambaya, shi ke nan a bar maganar. A nan yawancin masu komawa karatu ke zubewa, kuma shi ya sa shirye-shiryen kirki ke haɗa kowane matashi da mai bibiyarsa. Kai za ka nemo naka da kanka. Ko tsohon malaminka na sakandare da kuke shiri, ko ɗaya daga cikin abokan nan da kake gudu. Ka zaɓi mai hankalin cikinsu, ka same shi shi kaɗai ka ce, "Zan zauna jarrabawa baɗi, ina so duk Lahadi ka duba abin da na yi, in na yi sanyi ka yi mini faɗa." Na fi zaton zai ji ka girmama shi. Kana iya tarar ma shi yana kallonka ne a matsayin wanda ya riga shi kama abin yi.

Mu zo kan Kawu. Kada ka riƙe shi a zuci. Maganarsa akwai gaskiya a ciki, masu digiri da ba su da aiki suna da yawa, shi kuma da sana'ar nan ya rufa wa kansa asiri har ya rufa muku. Ranar da gida ya rikice shi ya buɗe maka shago. Ka kuma sa kanka a matsayinsa: ya shekara huɗu yana gyara hannun yaro, yanzu da ya fara hutawa sai ya ji ana maganar makaranta. Abin da kunnensa ya ji shi ne za ka tafi. To ka cire masa wannan tsoron tun a jumlar farko. Kada ka tare shi a shago cikin ƙarar giranda da idon yara. Ka je gida bayan isha'i, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Kawu, ba barin aiki zan yi ba. Alfarma nake nema, kwana uku a mako in tashi bayan la'asar in je lesin, in rama da sammako." Ka nuna masa ribar shagon a ciki: manyan ayyuka na makarantu da kamfanoni sukan nemi takardu da rubutaccen lissafi, shagon da ke da mai shaidar ƙwarewa kuma mai iya rubutu ya fi kusa da samun su. In ya ƙi a karon farko kada ka yi musu, ka bar Umma ta yi magana da ɗan'uwanta, ko wani dattijo a ƙungiya da yake jin nauyinsa. In duk da haka bai sakko ba, karatun asuba da na Lahadi ba su buƙatar izinin kowa, sai dai tafiyar ta ƙara tsawo. Kada dai ka bari takarda ta raba ka da shi.

Umma kuwa tambayarta ba hani ba ce, tsoro ne na macen da ta ga yadda gida ke juyewa dare ɗaya. Amsar da za ta kwantar mata da hankali ta lissafi ce: ga abin da nake kawowa, ba zai ragu ba, ga abin da zan riƙa warewa, ga lokacin da zan gama. Ka nemi albarkarta, ka kuma roƙe ta ta riƙa tashinka in ka makara.

Maganar ƙanwarka ta fi taka gaggawa, don kai gyara kake nema, ita kuwa ba a kai ga ɓarnar ba tukuna. Wanda ya fita daga aji, dawo da shi ya fi riƙe shi wuya nesa ba kusa ba, kai shaida ne. Gwamnatin Kaduna ta ɗauke wa 'yan mata kuɗin makaranta a sakandaren gwamnati tun 2018, abin da ya rage shi ne yunifom da littattafai da kuɗin mota. Akwai kuma shirin AGILE na tallafa wa karatun 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, Kaduna na cikin jihohi bakwai na farko, kuma cikin ayyukansa akwai ba iyaye masu ƙaramin ƙarfi tallafin kuɗi bisa sharaɗin yarinya ta ci gaba da zuwa makaranta. Ka je da kanka wurin shugabar makarantarsu ko shugaban, a matsayinka na yayanta kuma mai riƙe da ita, ka bayyana halin da ake ciki, ka tambaya ko makarantar na cikin shirin da yadda ake shigar da suna, ka kuma nemi ganin kwamitin iyaye da ke kula da makarantar. Ko an samu tallafi ko ba a samu ba, awara da yamma ake suyarta, makaranta kuwa da safe ce. Ta taya Umma bayan ta dawo. In har kuɗi suka matse aka rasa yadda za a yi, ni a wurina gara ka ɗaga jarrabawarka da 'yan watanni da a cire ta daga aji. Ku riƙa zama karatun asubar tare, littattafanta na SS1 ma za su yi maka amfani.

Ita kuma wadda kake nema, ka faɗa mata, kuma kada ka daɗe. Iyaye kan yi bincike kafin su ba da 'yarsu, kuma gara ta ji daga bakinka da ta ji daga bakin wani. Ka bari sai ka yi gwajin nan na Lahadi ka kuma je ofishin ƙungiya, don ka zo mata da labari da shiri a tare: ga dalilin da ya sa na bari, ga abin da na yi da shekarun, ga inda na dosa. In ta ja baya zai yi ciwo, ba zan ɓoye maka ba, amma gara yanzu da bayan an kai kuɗin gaisuwa. In kuwa ta tsaya, mai karatun difloma za ta iya duba maka rubutun Turancinka.

In ka yi gwajin, ka rubuto mini makin da ka samu a lissafi da Turanci, da abin da shugabannin ƙungiya suka ce maka, sai mu duba tare ko NABTEB ce ta fi dacewa da kai ko NECO. Allah Ya dafa maka, Ya sanya albarka a hannunka da karatunka. Ka gaishe mini da Umma.